Diyasiya ko furannin da suka saba da ranarmu: wanne ya dace da fangalin ƙofar gida a Yamai?

Duk shekara idan damana ta ɗauke, iska ta fara juyowa daga arewa maso gabas, masu sha'awar furanni a Yamai sukan shiga lissafin abin da za su zuba a ɗan filin da ke bakin ƙofa ko gefen baranda. A ƴan shekarun nan wani suna ya shigo cikin lissafin, wato diyasiya, wadda masana tsirrai ke rubutawa Diascia. Wasu a hoton intanet suka gan ta, ta cika tukunya har tana zubowa. Wasu kuma ɗan'uwa ne ya dawo daga Faransa ko Beljiyam da ƴar takardar iri a cikin jaka. A jikin takardar an rubuta cewa fure ne na lokacin zafi, mai son rana. Mutumin Yamai da ya karanta haka sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, don in dai rana ce da zafi, Allah ya hore mana su.

Sai dai zafin da mai takardar yake nufi ba irin namu ba ne. A Landan, watan Yuli shi ne tsakiyar zafinsu, kuma ma'auni yakan tsaya wajen digiri 23 zuwa 24 da rana, da dare ya sauka wajen 14. A Yamai kuwa, cikin Disamba da Janairu, lokacin da muke fito da barguna, yara na jin ɗumin wuta da asuba, rana tana kai digiri 32 zuwa 33, dare ya sauka wajen 16 ko 17. Ke nan ranar da muke kira ta ɗari ta fi ranar zafinsu zafi da kusan digiri 9. A Afirilu kuma muna hawa 41, a Mayu dare kansa ba ya sauka ƙasa da 27 sai da ƙyar. Duk maganar da zan yi a kan waɗannan alƙaluma ta ginu. Ra'ayina shi ne diyasiya a wurinmu baƙuwa ce ta ƴan makonni, wurinta tukunya a gefen gabas na gida, fangali kuwa na wasu furanni ne. Amma tunda kuɗi da ruwa da lokaci na mai karatu ne, bari in shimfiɗa dalilan ya auna da kansa.

Diyasiya ƴar Afirka ce, kuma wannan ma yakan ruɗi mutane. Nau'o'inta wajen 70 ne, dukkansu daga kudancin nahiyar, musamman Afirka ta Kudu da Lesoto. Waɗanda aka samo furannin ado daga cikinsu, irin su Diascia barberae da rigescens da integerrima da vigilis, tsirran tudu ne, na tsaunukan Darakensbag da kewaye, inda suke fitowa a bakin ƙoramu da gangaren da ke riƙe da danshi. Lesoto ƙasa ce da wurinta mafi kwari ma yana kan mita 1400 sama da teku, ƙololuwarta kuma ta wuce mita 3400. Yamai tana kan mita 200 da ɗoriya. A can ruwa yana sauka a lokacin zafinsu, rana tana da ƙarfi amma iska tana da sanyi, da dare kuma sanyin yana ƙaruwa. Tsiron da ya tashi a irin wannan wuri ya saba da haske mai yawa, bai saba da ƙasa mai ƙuna ba.

Duk wanda ya riƙe furen a hannu zai gane abin da ya sa ake sonsa. Faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, yana da leɓɓa biyar, na ƙasa ya fi sauran faɗi. A cikin maƙogwaronsa daga sama akwai ɗan tabo rawaya mai ɗigo-ɗigon ja mai duhu, wanda haske ke ratsawa idan ka ɗaga shi sama. Idan ka juya bayansa sai ka ga ƙananan ƙahoni biyu sun lanƙwasa ƙasa. A cikin ƙahonin nan babu ruwan zuma, mai ne a ciki. Wasu ƙudajen zuma na kudancin Afirka da ake kira Rediviva ne ke zura dogayen ƙafafunsu na gaba cikin ƙahonin biyu su kwaso man, da shi suke ciyar da ƴaƴansu, a nan ne kuma suke yi wa furen barbara. A riƙe wannan batu na ƙudan zuma, don zai dawo idan an zo maganar iri.

Tun ƙarni na 19 Turawa suka san barberae, amma shahararta a matsayin furen fangali ta baya-bayan nan ce. Masu binciken lambun tsirrai na Edinbura, Olive Hilliard da Brian Burtt, sun yi aiki mai yawa a kan nau'o'in Darakensbag, wasu sababbi suka shiga hannun masu lambu a Birtaniya. Daga 1985 wani mai sha'awar lambu a arewacin Linkonsha, Hector Harrison, ya dinga haɗa nau'i da nau'i, har launukan suka yalwatu daga ruwan hoda zuwa fari da ja da ruwan goro mai haske. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta ba wasu nau'o'in diyasiya lambar yabo, ciki har da wadda ake kira Ruby Field. Lambar gaskiya ce, sai dai shaida ce a kan yadda tsiron ke yi a yanayin Birtaniya. Ba ta ce komai a kan abin da zai faru da shi a Talladje ko Lazare cikin watan Maris ba.

Yanzu mu ɗauki kalanda mu yi lissafi. Irin diyasiya ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su, a kan fuskar ƙasa ake barbaɗawa a ɗan danna, kuma suna son sanyin wajen digiri 18 zuwa 21 kafin su tsiro. A Oktoba rana a Yamai tana kai 38, don haka shuka a lokacin asarar iri ce. Sai tsakiyar Nuwamba dare ke sauka ƙasa da 20. Daga shuka zuwa fure ana cin mako 10 zuwa 12. Wanda ya shuka 15 ga Nuwamba, furensa na farko zai zo ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. A Fabrairu rana ta fara komawa 35 zuwa 36, a Maris 39. Diyasiya kuwa da zarar zafi ya zarce digiri 30 ya zauna, dare kuma ya daina sanyi, sai ta daina fitar da sababbin tohon fure, rassanta su yi tsawo su yi siriri, ganyen ƙasa ya bushe. Ke nan wahalar wata uku, fure na mako uku zuwa biyar. A Ingila wannan tsiro yana fure tun daga Yuni har Oktoba.

Littattafan lambu na Turai suna cewa idan ta gaji da zafi a datse ta zuwa rabi, a ba ta ruwa, za ta dawo da sabon fure idan sanyin Satumba ya shigo. Shawara ce mai kyau a can. A nan bayan Maris Afirilu ne, bayansa Mayu, sannan damana mai laima da dare mai ɗumi sama da digiri 23. Babu sanyin da za ta jira sai bayan wata takwas. A tsaunukan da ta fito tana shekaru a raye, a Yamai kuwa a ɗauke ta a matsayin shukar kaka ɗaya.

Sai batun iri, wanda a ganina ya fi komai nauyi ga aljihu. Diyasiya ba ta yi wa kanta barbara, sai an kawo garin fure daga wani tushe daban, kuma ƙudan da ke wannan aiki babu shi a ƙasarmu. Yawancin waɗanda ake gani a hotuna masu kyau ma ba da iri ake yaɗa su ba, da yankan reshe ne, a kamfanonin reno. Akwai waɗanda ake samu a iri, kamar jerin Diamonte, amma su ma haɗaɗɗu ne, ko sun yi ƴaƴa ba lallai ƴaƴan su yi kama da uwa ba. Ma'ana duk shekara sai ka sake nema daga waje. Shigo da ɗanyen tsiro daga wata ƙasa kuma yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma dokar tana da dalili, don ta haka cututtuka da ƙwari ke shiga ƙasa su faɗa wa tumatir da tattasai na manoman garka.

Duk da haka na san akwai wanda zuciyarsa ta riga ta kama, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ganin abu mai kyau a gidansa ko da na mako huɗu ne. Idan haka ne, a yi shi da kyau. A nemi tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, a huda gindinta. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, haka tukunyar ƙasa ke sanyaya saiwa, ita kuwa baƙar leda ko bokitin roba dafa saiwa suke yi da tsakar rana. A haɗa rairayin kogi da ruɓaɓɓen taki wanda ya huce sarai, da ɗan ruɓaɓɓen ganye, yadda ruwa zai wuce amma danshi ya zauna. Kada a sa toka. Mutanenmu sun saba barbaɗa toka don korar ƙwari, amma diyasiya tana son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa kashe tsamin take yi, sai tsiron ya kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, sababbin ganye su fito rawaya jijiyoyinsu na kore. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan farar ƙasa shi ma yakan jawo haka a hankali. A ajiye tukunyar inda za ta sha hantsi har wajen ƙarfe 11, daga nan inuwar bango ko ta bedi ta rufe ta. A kare ta daga busasshiyar iskar hunturu da zana. Ruwa kuma da safe, a gindi, bayan an zura yatsa an ji saman ƙasar ya fara bushewa, don saiwarta siririya ce, ƙishi na kashe ta, jiƙewa ma na ruɓar da ita. Idan tsiron ya kai santimita 7 ko 8 a tsinke kansa don ya yi rassa.

To, idan ba ita ba, wa?

Wanda abin da ya ja hankalinsa shi ne siffar, wato ƙananan furanni jere a kan kara mai tsayi, anjeloniya ce ta fi kusa da abin da yake nema. Asalinta Meziko da tsibiran Karibiyan, tsayinta santimita 30 zuwa 45, launukanta shunayya, fari, ruwan hoda. Abin sha'awa, ita ma mai take ba ƙudan zuma a maimakon ruwan zuma. Bambancinsu a yanayi ne: dare mai ɗumi da ke gajiyar da diyasiya shi ne ke sa anjeloniya fure. Damana lokacinta ne, kuma ba ta buƙatar a dinga tsinke busassun furanni. Ana samun ta a iri, kamar jerin Serena, kuma yankan reshenta yana kamawa cikin sauƙi, don haka tushe ɗaya zai iya cika fangali cikin ƴan watanni. Rauninta ruwa ne. Ba ta jure ƙishi kamar waɗanda zan ambata a gaba, kuma a Afirilu da Mayu sai an ba ta ruwa kullum da inuwar yamma. Launin ruwan goro mai haske da diyasiya ta yi fice da shi kuma babu shi a wurinta. Wanda wannan launi ne ya kama shi, anjeloniya ba za ta share masa hawaye ba.

Wanda kuma yake son fure na lokacin ɗari kawai, ya yarda cewa zafi zai kawo ƙarshensa, petuniya ta fi diyasiya riba. Ita ma ba ta son toka, ita ma Afirilu yakan gama da ita, amma tana jure digiri 33 zuwa 35 fiye da diyasiya, furenta ya fi girma, kuma takan ci gaba har cikin Maris. Da wahala iri ɗaya, kwanakin furen sun fi yawa. Farin ƙuda da darɓa suna sonta, sai an dinga duba bayan ganye.

Amma fangali na gaske, wanda ake so ya zauna da kyau shekara duka ba tare da an zama bawansa ba, na perbanshi ne, wanda masana ke kira Catharanthus roseus. Duk mai yawo a Yamai ya san shi ko bai san sunansa ba: ganye mai sheƙi kore shar, fure mai leɓɓa biyar a shimfiɗe, fari ko ruwan hoda, da ɗan jan ido a tsakiya. Daga Madagaska ya fito. Ka je ka dube shi ƙarfe biyu na rana a watan Afirilu, lokacin da ƙasa ba ta takuwa da ƙafa ba takalmi. Za ka ga ganyensa sun naɗe gefensu zuwa ƙasa, sun zama sirara, kamar ya gama. Ka dawo bayan la'asar, ka tarar sun buɗe, furen yana nan yadda yake. Naɗewar dabara ce ta rage asarar ruwa, ba alamar mutuwa ba ce, kuma mutane da yawa a nan suke cutar da shi, su ga ya naɗe su kwara masa ruwa. Abin da ke kashe perbanshi shi ne yawan ruwa. Idan ruwan Agusta ya kwanta a gindinsa, ruɓar saiwa da kara takan kama shi, ya yi yaushi farat ɗaya. Maganin shi ne a ɗaga fangalin sama da ƙasar tsakar gida da kamar santimita 15, a ba da tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin tushe da tushe. Yana zubar da iri da kansa, ƴaƴa su tsiro a gindin uwa, ka cire ka dasa ko ka ba maƙwabci.

Akwai gargaɗi ɗaya a kansa da ba zan tsallake ba. Perbanshi yana da guba idan aka ci, ganye da saiwa duka. Daga cikinsa aka samo magungunan ciwon daji guda biyu, binkiristin da binbilastin, kuma ƙarfin da ya sa ya zama magani a hannun likita shi ne ya sa yake da haɗari a hannun wanda zai dafa shi ya sha. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko akuya a sake, a yi masa shinge ko a sa shi a wajen da ba sa kaiwa.

Inda ƙasa ta fi muni, rana ta fi duka, ruwa ya fi ƙaranci, portulaka ce. Ƴar'uwar halshen saniya ce da ke fitowa a juji da gonaki, sai dai ita wannan daga Brazil da Ajantina da Urugwai aka kawo ta, ganyenta sirara masu ruwa a ciki. Ba ta wuce santimita 15, shimfiɗuwa take yi ta rufe ƙasa, kuma a nan ta yi kama da diyasiya wajen zubowa daga bakin tukunya. Launi kuwa ta ma fi ta yawa, har da ruwan goro da ruwan hoda da mutum ke nema. Ka tsinko reshe ka soka a jiƙaƙƙen rairayi, cikin mako guda ya kama. Aibinta ɗaya ne, amma ga wasu babba ne: furenta da hantsi yake buɗewa, ya rufe da yamma, ranar hadari ma ba ya buɗewa sosai. Ma'aikacin da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo bayan magariba zai iya yin mako bai ga furenta ba. Uwargida da ke wuni a gida, ko mai shago da ke son ƙofarsa ta yi kyau da rana, su ne za su more ta. Kaji ma suna tsattsage ta, kuma ita ma ba ta son kwanciyar ruwan Agusta.

Ziniya da tajet, waɗanda masana ke rubutawa Zinnia da Tagetes, duka ƴan Meziko ne, kuma su ne na mai gaggawa. Ziniya tana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 7, ta yi fure cikin wata biyu, an fi so a shuka ta inda za ta zauna don ba ta son dashe. A damana tabon ganye yakan ɓata ta idan aka cunkushe ta ko ana zuba mata ruwa ta sama. Tajet yana da wata fa'ida ga mai ɗan lambun miya: saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulu-ƙulu, musamman idan aka cika wurin da shi wata biyu ko uku kafin a dasa tumatir. A bazara ɗan mitsitsin jan gizo-gizo yakan addabe shi, ganye ya yi fari-fari ya bushe. Dukansu biyu kana cire iri daga busasshen fure ka ajiye a kwalba don baɗi. Gomfirena kuma, mai fure dunƙule-dunƙule shunayya, ba ta da wani kwarjini a hoto, amma juriyarta ga zafi ta kai ta perbanshi, kuma ko an yanke furen an busar launinsa ba ya gushewa.

Duk abin da na faɗa ana iya gwada shi, kuma ina so a gwada. Gwajin da ke da amfani shi ne a sa abokan takarar kusa da juna, a ƙasa iri ɗaya, rana iri ɗaya, a auna ruwan da kowa ke sha da arozuwar ɗaya, wato butar ban ruwa. A sami ɗan littafi a rubuta ranar shuka, ranar fure na farko, da ranar da tsiron ya daina kyau. Kowace Juma'a a ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya, ɗaya da safe, ɗaya da ƙarfe biyu na rana, don da safe kowane tsiro kyakkyawa ne, da azahar ake sanin nasa. A ƙarshe a yi tambaya mai sauƙi: mako nawa na fure na samu, da arozuwar nawa, kuma me ya bar mini na shekara mai zuwa? Da wannan ma'auni diyasiya za ta ci a kyawun fure ɗaya ɗaya idan an matso kusa, za ta faɗi a sauran. Kada kuma a yanke hukunci da tushe ɗaya, don gara ko kaza na iya kashe shi a ɗora wa yanayi laifi. Tushe biyar ko shida na kowane iri ya fi ba da gaskiya.

Wajen sayen dashe ma akwai abin lura. Masu reno na bakin kogin Isa, ta wajen Yantala da Gamkalle, suna da perbanshi da portulaka kusan kowane lokaci, diyasiya kuwa ba abin da aka saba gani a wurinsu ba ne, kuma wannan kansa shaida ce, don mai garka ba ya renon abin da zai mutu a hannunsa. Idan ya miƙo maka leda ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, ka ga ya cika da fure," ka gode masa, ka nemi gajere mai rassa da yawa wanda bai buɗe ba tukuna. Ka ɗaga ledar ka dubi ƙasanta. Idan saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizge, tsiron zai yi jinya bayan dashe. Saiwa fara ita ce lafiyayya, mai ruwan ƙasa-ƙasa da wari a bar ta. Ka juya ganye biyu ko uku ka ga ko farin ƙuda zai tashi. Dashe kuma da yamma ake yi, a kafa masa ɗan zana na kwana uku.

Mutanen Tawa lissafinsu ya ɗan bambanta. Suna kan tudu fiye da Yamai, daren Disamba da Janairu ya ɗan fi sanyi, wanda zai ɗan taimaki diyasiya a tukunya. Amma ruwan samansu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, alhali Yamai takan samu sama da 500, iskar Adar kuma ta fi bushewa da ƙarfi, ƙasar wurare da yawa tsakuwa ce, ruwa yana da nisa. Abin da sanyin dare ya ba diyasiya, iska za ta ƙwace. A can portulaka da gomfirena da perbanshi sun ma fi cancanta, kuma ƙarancin ruwan Agusta ya rage musu haɗarin ruɓa. Idan akwai inda wannan baƙuwa za ta ɗan saki jiki a Nijar, to tsaunukan Ayar ne, wajen Bagzan da ya haura mita 2000, ko lambunan Timiya, inda daren hunturu ke da sanyi na gaske.

Ga mai fangali ɗaya a ƙofar gida a Yamai, ga yadda zan tsara shi. Perbanshi a baya jikin bango, shi ne zai riƙe wurin shekara duka. Portulaka a gaba bakin hanya inda rana ta fi duka. Tsakiya a bar ta tana sauyawa: petuniya ko tajet daga Nuwamba zuwa Maris, sannan a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa a Afirilu da Mayu, a huta da ban ruwa. Idan ruwa ya zauna wajen ƙarshen Yuni a shuka ziniya da gomfirena, ko a dasa anjeloniya idan an samu. Takardar irin diyasiya da ɗan'uwa ya kawo kuma a sa ta a kwalba mai murfi, a ajiye a firiji ko wuri mafi sanyi a ɗaki, kada a buɗe ta sai tsakiyar Nuwamba, a shuka a tukunya biyu ko uku a gefen gabas.